Mako Guda a Jirgin Ruwan Yawon Buɗe Ido a Yammacin Bahar Rum: Abin da Kuɗin Tikiti Ke Saya da Abin da Ba Ya Saya

Kamfanonin jiragen ruwa na yawon buɗe ido suna sayar da wani sauƙi da otal ko jirgin sama ba za su iya bayarwa ba: matafiyi ya kwance kayansa sau ɗaya, ya jera su a ɗakinsa, sannan kowace safiya ya farka a bakin wani gari daban ba tare da ya sake ɗaure jaka ba. Tafiyar da nake magana a kanta ita ce ta dare 7 da ke kewaya yammacin Tekun Bahar Rum, wadda ke tashi daga Barsalona a Sifaniya, ta tsaya Marseille a Faransa, ta bi Genoa da Civitavecchia da Palermo a Italiya, ta shiga Valletta a Malta, sannan ta yi yini guda cur a tsakiyar teku kafin ta koma inda ta faro. Na yi ta a ɗaya daga cikin manyan jiragen da ke ɗaukar dubban fasinjoji. A cikin jirgi an cika alkawarin sauƙin nan daidai gwargwado. Sai dai darajar tafiyar gaba ɗayanta ta rataya ne a kan sa'o'in da mutum zai samu a kan tudu, kuma waɗannan sa'o'i sun fi ƙaranci sosai a kan yadda jerin sunayen garuruwan da ke cikin talla ke sa mutum ya yi tsammani.

Zan fara da kuɗi, domin a nan ne sababbin matafiya suka fi yin mamaki. Farashin da ake nunawa a talla yawanci na mutum ɗaya ne a ɗakin da mutum biyu za su kwana, kuma na ɗakin da ya fi araha, wato na ciki wanda ba shi da taga. Wanda zai tafi shi kaɗai sau da yawa yakan biya abin da ya kusa kai kuɗin mutum biyu. Tikitin ya ƙunshi makwanci, da abinci a babban ɗakin cin abinci da wurin ɗebi-da-kanka, da wasannin dare a dandalin jirgi, da wuraren ninƙaya da ɗakin motsa jiki. Bai ƙunshi lemo da ruwan gora da yawancin nau'o'in kofi ba, haka nan intanet, da wanki, da hotunan da masu ɗaukar hoto na jirgi ke ɗauka, da gidajen abinci na musamman, da ganin likita, da kowane rangadi a gari. Akwai kuma kuɗin hidima da ake ɗora wa kowane fasinja a kowane dare, sannan a yawancin kamfanoni ana ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a kan duk abin sha da aka saya. Ba a karɓar tsabar kuɗi a cikin jirgi. Katin da aka ba ka ranar shiga shi ne mabuɗin ɗakinka, shi ne shaidarka a ƙofar fita, shi ne kuma abin biyanka, kuma da yake hannu ba ya jin fitar kuɗi a lokacin, lissafi yakan taru ba tare da mutum ya ankara ba. Ana iya duba lissafin a manhajar jirgi ko a talabijin ɗin ɗaki, kuma ya kamata a riƙa dubawa kowane dare.

Tun kafin a tashi za a yi ta tallata maka biyan kuɗin abin sha na mako gaba ɗaya a dunƙule. A tafiya irin wannan, wadda kusan kullum jirgi na tsaye a tasha kuma fasinja na cikin gari daga safe zuwa la'asar, da wuya mai shan ruwa da shayi da ɗan lemo ya ci ribar wannan tsari, balle ma da yake kamfanoni da yawa suna tilasta wa duk manyan da ke ɗaki ɗaya su saya tare. Wurin ɗebi-da-kanka yana da ruwan sha kyauta, kuma wannan ya wadatar da ni a mafi yawan lokuta.

Batun takardu yana buƙatar natsuwa tun watanni kafin tafiya. Sifaniya da Faransa da Italiya da Malta duk suna cikin yankin Schengen, saboda haka biza ɗaya ta wadatar ga wanda fasfonsa ke buƙatarta. Amma wasu jiragen da ke bin wannan ɓangare na teku suna ratsawa ta Tunisiya, kuma da zarar jirgi ya tsaya a tashar da ke wajen yankin, komawarsa ta zama sabuwar shiga, don haka bizar shiga sau ɗaya ba za ta yi aiki ba. Kamfanoni da yawa suna son fasfo ya kasance da sauran wata 6 bayan ranar gama tafiya. Alhakin duk wannan yana wuyan fasinja, kuma wanda aka hana shiga saboda takardu yawanci ba a mayar masa da kuɗinsa. Shawarar da ba zan sassauta a kanta ba ita ce a isa garin da jirgi zai tashi kwana ɗaya kafin ranar tashi. Jinkirin jirgin sama na sa'o'i kaɗan ya isa ya sa mutum ya tarar jirgin ruwa ya bar tasha, sannan ya bi shi zuwa wata ƙasa da kuɗin aljihunsa.

A Barsalona manyan jirage suna tsayawa ne a Moll Adossat, wani dogon mashigi da ke can cikin tasha, nesa da tsakiyar gari fiye da yadda taswira ke nunawa, kuma ana zuwa ne da tasi ko da motar bas da ke tashi daga kusa da hasumiyar Kolumbus a ƙarshen titin La Rambla. Shigar ta tafi cikin tsari: ana karɓar manyan jakunkuna a ƙofa bayan an liƙa musu takardar lambar ɗaki, a duba fasfo, a ɗauki hoton fuska, a wuce ta na'urar bincike. Jakunkunan kan ɗauki sa'o'i kafin su iso ƙofar ɗaki, saboda haka magunguna da takardu da cajar waya da tufafin canji su kasance a ƙaramar jakar hannu. Ana ƙwace dutsen guga da butar dafa ruwa ta lantarki da kyandir da makamantansu, a ajiye har ranar sauka, domin babu haɗarin da masu jirgi ke tsoro kamar gobara.

Kafin jirgi ya motsa dole kowane fasinja ya halarci atisayen ceton rai, kuma ina roƙon duk mai karatu kada ya ɗauke shi a matsayin ɓata lokaci. Yarjejeniyar kare rayuka a teku da ake kira SOLAS ta samo asali ne a 1914, bayan nutsewar Titanic a 1912. Ƙa'idar cewa a yi wa sababbin fasinjoji atisaye kafin tashi ko da zarar an tashi kuwa ta biyo bayan hatsarin jirgin yawon buɗe ido na Costa Concordia ne a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya a watan Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, kuma a daren akwai ɗaruruwan fasinjojin da suka shiga a Civitavecchia waɗanda ba a riga an yi musu atisaye ba. Yanzu a jirage da yawa ana kallon bayanin a talabijin ɗin ɗaki ko a waya, sannan mutum ya taka da ƙafarsa zuwa wurin taruwarsa a tantance katinsa. Alamar gaggawa ita ce gajerun busa 7 da doguwa 1. Ya kamata mutum ya bi hanyar daga ɗakinsa zuwa wurin taruwa ta matakala, ya haddace ta, domin ba a amfani da lif a lokacin gaggawa.

Ɗakina na baranda ne, a tsakiyar jirgi. Ƙarami ne, amma an yi amfani da kowane lungu da hikima: jakunkuna suna shiga ƙarƙashin gado, banɗaki tsaf, ruwan zafi ba ya yankewa, kuma mai kula da ɗakin yana gyara shi kullum ba tare da an nema ba. Ko baranda ta cancanci ƙarin kuɗinta? A wannan hanya ina ganin amfaninta na gaske yana cikin shigar safiya zuwa tasha da fitar yamma, kuma ana iya kallon duka biyun kyauta daga saman jirgi. Wanda kuɗinsa ke da iyaka zai fi amfana idan ya ɗauki ɗakin ciki ya ajiye bambancin don abin da zai gani a gari. Abin da ya fi baranda muhimmanci shi ne wurin da ɗakin yake. A duba taswirar hawa-hawan jirgi kafin a zaɓa, a tabbatar cewa sama da ƙasa duk ɗakunan kwana ne. Ɗakin da ke ƙarƙashin wurin ninƙaya yana jin jan kujeru tun asuba, na kusa da dandalin wasanni yana jin kiɗa har tsakar dare, na can gaba kuma yana jin ƙarar injinan da ke juya jirgi duk safiyar da za a shiga tasha.

Abinci yana da yawa, ingancinsa kuma ya danganta da inda aka zauna. A babban ɗakin cin abinci, inda ake ba kowa tebur da lokaci kuma ma'aikaci ɗaya ke yi maka hidima har ƙarshen mako, abincin dare ya gamsar da ni: miya da zafinta, kifi da taliya da aka dafa da kulawa, burodin da aka gasa a jirgi. Zaman yakan kai sa'a ɗaya da rabi, wanda ke iya zama nauyi ga wanda ya yini yana tafiya a ƙasa. Wurin ɗebi-da-kanka kuwa a buɗe yake mafi yawan yini, amma tsakanin ƙarfe 8 da 9 na safiyar ranar tsayawa a tasha, lokacin da kowa ke son ya ci ya fita, samun wurin zama yakan zama aiki, kuma abincin da ya daɗe a kan wuta yakan bushe. Masu buƙatar abinci na musamman saboda lafiya ko addini su sanar da kamfani a rubuce makonni kafin tafiya, su kuma sake gaya wa shugaban masu hidima a daren farko. A babban ɗakin cin abinci ana kula da irin wannan buƙata sosai, a ɗebi-da-kanka kuwa sai mutum ya riƙa tambaya a kan kowane kwano.

Girman waɗannan jirage ya wuce abin da hoto ke nunawa. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, tsawonsa ya kai mita 365 kuma yana iya ɗaukar fasinjoji kimanin 7,600 ban da ma'aikata. Wanda na shiga bai kai haka ba, amma cunkoso ya bayyana a wurare uku: gaban lif bayan tashi daga wasan dare, gefen wurin ninƙaya, da ƙofar fita da safe. A wannan hanya ana ɗaukar sababbin fasinjoji kusan a kowace tasha, saboda haka kullum akwai masu shiga da masu fita, kuma ana maimaita sanarwa cikin harsuna da dama. Wasannin dare galibi rawa ne da waƙa da wasan tsalle-tsalle, domin su ne ba sa buƙatar fassara. An shirya su da kyau, ko da yake bayan dare biyu ko uku sukan fara kama da juna.

Abin da ya fi burge ni a jirgin shi ne ma'aikatansa. Da yawansu sun fito daga Filifin da Indiya da Indonesiya, suna aiki a kan kwantiragin watanni da dama ba tare da ranar hutu cikakkiya ba, nesa da iyalansu. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006 ta tanadi aƙalla sa'o'i 10 na hutu a cikin kowane sa'o'i 24, da sa'o'i 77 a cikin kwana 7, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna tsawon yinin aikinsu. Duk da haka mai gyaran ɗaki ya riƙe sunana tun ranar farko, mai hidimar tebur kuma ya gane abin da nake sha ba tare da na sake faɗa ba. A wasu kamfanoni ana iya zuwa teburin karɓar ƙorafi a rage kuɗin hidima, kuma na ga masu yin haka a daren ƙarshe. Ban goyi bayansu ba. Wanda ke da ƙorafi ya kai shi tun ranar da abin ya faru a gyara masa, domin rage kuɗin yana shafar har masu wanki da masu wanke kwanuka da bai taɓa gani ba.

Waya tana buƙatar gargaɗi na musamman. Da zarar jirgi ya yi nisa da gaɓa, wayar da aka bari a buɗe takan kama hanyar sadarwar jirgi da ke bi ta tauraron ɗan'adam, wadda ba ta cikin kowane tsarin kira na ƙasa kuma tsadarta ta wuce misali. A kashe layin kafin a bar tasha, a bar wayar a kan intanet ɗin jirgi kawai idan an saya. Manhajar jirgi, mai nuna jadawalin yini da lissafin kuɗi, tana aiki ko ba a sayi intanet ba.

Yanzu ga tashoshi, inda nake ganin a nan tafiyar ke cin nasara ko ta gaza. Babban misali shi ne ranar da talla ke kira ranar Roma. Jirgi ba ya zuwa Roma, yana tsayawa ne a Civitavecchia, kimanin kilomita 80 daga birnin. Daga gefen jirgi sai an hau motar tasha zuwa ƙofar fita, daga nan a kai ga tashar jirgin ƙasa, sannan a yi tafiyar sa'a ɗaya ko fiye. Idan jirgi ya tsaya ƙarfe 8 na safe zai tashi ƙarfe 6 na yamma, kuma ana son kowa ya dawo rabin sa'a kafin tashi, to bayan an cire zuwa da dawowa da ɗan rarar da hankali ke buƙata, abin da ya rage a cikin Roma bai fi sa'o'i 5 ba. A cikinsu babu yadda za a yi mutum ya ga Batikan da Kolosiyam da maɓuɓɓugar Trevi, ya ci abinci, ya kuma fahimci wani abu daga abin da ya gani. Na ga iyalai sun dawo a galabaice, suna da hotunan wurare da yawa amma ba su shiga ko ɗaya ba saboda tsawon layi. Abin da ya fi shi ne a zaɓi wuri ɗaya, a sayi tikitinsa mai ƙayyadadden lokaci tun kafin a bar gida. Jirgin ƙasa na yanki yana tsayawa a tashar Roma San Pietro, daga inda ake takawa zuwa dandalin Batikan cikin 'yan mintoci, wanda ya fi sauƙi a kan wucewa har babbar tashar Termini. A lura cewa gidajen tarihin Batikan a rufe suke ranar Lahadi in ban da ta ƙarshen wata, kuma tikitin takarda na jirgin ƙasa na yanki sai an buga masa hatimi a na'ura kafin a hau, in ba haka ba a ci tara.

Marseille ma tana da irin wannan nisa, ko da yake bai kai na Roma ba. Manyan jirage suna tsayawa a tashar da ke arewa da gari, kilomita da dama daga tsohuwar tasha ta Vieux-Port, kuma kamfani yana sayar da kujerar motar da ke kai mutane can. Garin, wanda Girkawa suka kafa wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, ya cancanci zuwa, kuma hawa tudun cocin Notre-Dame de la Garde don ganin birnin da tsibiransa daga sama ya isa aikin rabin yini. Genoa ta fi sauƙi. Ana iya takawa daga jirgi zuwa tsohuwar tashar da masanin zanen gine-gine Renzo Piano ya sake fasalinta a 1992, inda babban gidan kifaye yake, sannan a shiga siraran lungunan tsohon gari har a ɓulla titin Garibaldi mai manyan gidajen attajiran da.

Palermo da Valletta su ne suka fi biyan bukata, kuma dalilin ɗaya ne: jirgi yana tsayawa a bakin gari, don haka duk sa'o'in tsayawar na fasinja ne. A Palermo, wadda ta shiga hannun Larabawa a 831 kafin Normawa su karɓe ta, ɗakin ibada na Cappella Palatina da aka gina a ƙarni na 12 yana ɗauke da adon zinariya irin na Rumawan Gabas a bango da rufin katako mai sassaƙa irin ta masu sana'a Musulmi, duka a ɗaki ɗaya, kuma minti ashirin a tsaye a ƙarƙashin wannan rufi ya fi mini duk wasannin dare na mako. Kasuwar Ballarò tana kusa, ana iya bi ta cikinta a kan hanyar komawa. Valletta kuwa, shigarta ta teku ita kanta abin kallo ce, domin jirgi yana ratsa Grand Harbour tsakanin manyan ganuwoyin dutse masu launin zuma, kuma ya kamata a tashi da wuri a hau sama don ganin wannan. An kafa birnin a 1566, shekara guda bayan babbar ƙawanyar da Daular Usmaniyya ta yi wa tsibirin Malta. Daga gefen jirgi akwai lif ɗin Barrakka mai tsayin mita 58 da ke ɗaga mutane zuwa lambun da ke saman ganuwa, inda ake harba igwa da tsakar rana, kuma daga can duk birnin ana iya zagaya shi da ƙafa.

Tambayar da kowa ke yi ita ce ko a sayi rangadin kamfani ko a fita da kai. Rangadin kamfani ya fi tsada, sau da yawa nesa ba kusa ba, motar takan cika, kuma wani lokaci a ɓata rabin sa'a a shagon tsaraba da babu wanda ya nema. Abin da mutum ke saya a zahiri shi ne tabbacin cewa idan motar ta makara jirgi zai jira, ko kamfani ya ɗauki nauyin kai shi tasha ta gaba. Wanda ya fita da kansa ba shi da wannan kariya, kuma jirgi yana tashi a kan lokacinsa, domin wurin tsayawa da matuƙin da ke shigar da jirgi tasha ya kuma fitar da shi da isa gari na gaba duk an tsara su tun da daɗewa. A ganina tabbacin ya cancanci kuɗinsa a Civitavecchia ga mai tafiya da yara ko tsofaffi, ko wanda bai saba da jiragen ƙasan Turai ba, musamman da yake yajin aikin sufuri ba baƙon abu ba ne a Italiya da Faransa. A Genoa da Palermo da Valletta kuwa babu dalilin sayensa. Duk mai fita da kansa ya ɗauki hoton shafin jadawalin yini da ke ɗauke da lokacin dawowa da lambar wakilin jirgi a tasha, ya tabbatar agogonsa yana kan lokacin jirgi, ya kuma sa wa kansa dawowa sa'a ɗaya kafin wa'adi. A Barsalona da Roma, inda 'yan sane ke bin cunkoson baƙi, a riƙe jaka ta gaba.

Akwai wani abu da fasinja mai adalci ya kamata ya sani, wato garuruwan nan ba duka ke murna da zuwan jiragen ba. Idan manyan jirage uku suka tsaya a safiya ɗaya, dubban mutane ne ke kwarara cikin tituna ƙalilan a lokaci guda, su koma jirgi su ci abincin da suka riga suka biya, garin kuma ya kwashi cunkoso da hayaƙi. Saboda irin wannan ne Italiya ta hana jiragen da suka haura tan 25,000 ratsa tsakiyar Benis tun daga watan Agustan 2021. Cin abincin rana a gari da sayen abu daga hannun mai ƙaramin shago ba za su warware matsalar ba, amma suna cikin abin da baƙo zai iya yi.

Yinin teku tsakanin Malta da Barsalona ya zo a lokacin da jiki ke buƙatarsa, amma shi ne ranar da jirgi ya fi cika, domin babu wanda ya sauka. Manyan jirage suna da fikafikai a ƙarƙashin ruwa da ke rage tangaɗi, kuma mafi yawan makon da ƙyar ake jin motsi. Wurin da aka fi jin teku a wannan hanya shi ne mashigin da ke tsakanin Barsalona da Marseille, inda iskar arewa da ake kira mistral ke tashi da ƙarfi, har takan sa kyaftin ya fasa shiga tasha. Sharuɗɗan tikiti sun ba kamfani damar sauya hanya saboda yanayi ba tare da biyan diyya mai yawa ba, don haka kada a ɗora tafiyar gaba ɗaya a kan gari guda. Mai saurin jiri ya zaɓi ɗaki a tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa, ya nemi shawarar likita kan magani kafin tafiya, ya sha shi tun kafin tashin zuciya ya fara.

Asibitin jirgi yana da likita da ma'aikatan jinya, amma kuɗinsa irin na asibiti mai zaman kansa ne, kuma rashin lafiya mai tsanani tana nufin a sauke mutum a tasha mafi kusa. Inshorar tafiya da ta ambaci jirgin ruwa a fili, ta kuma ƙunshi jigilar mara lafiya, wajibi ce a ganina. Cutar amai da gudawa ta norovirus tana yaɗuwa da sauri inda dubban mutane ke taɓa cokula da ƙarfen matakala ɗaya, kuma wanke hannu da sabulu ya fi man goge hannu tasiri a kanta. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mai ciki da za ta kai mako 24 a lokacin tafiya, kuma da yawansu ba sa ɗaukar jaririn da bai kai wata 6 ba.

Wannan tafiya ta dace da iyali mai haɗe da yara da dattawa, da wanda hawa da sauka da kaya ke wahalarwa, da wanda ke son ya ɗanɗani ƙasashe huɗu kafin ya yanke shawarar inda zai koma ya zauna sosai. Ba ta dace da wanda burinsa shi ne Roma ba, ko wanda ke son ganin gari da dare, domin a mafi yawan tashoshi kafin magariba jirgi ya tashi. Kafin a biya, a nemi jadawalin da ke nuna lokacin isa da na tashi a kowace tasha, a kwatanta shi da na wani jirgi da ke bin hanya ɗaya, domin bambancin sa'o'i biyu ko uku a tasha ya fi duk wani bambanci na ado da ke tsakanin jiragen.

Sauka tana farawa ne tun daren ƙarshe. Ana raba takardu masu launi da ke nuna rukunin kowa da lokacin fitarsa, a ajiye manyan jakunkuna a bakin ƙofar ɗaki kafin a kwanta, saboda haka tufafin safe da fasfo da magani su zauna a jakar hannu. A duba lissafin ƙarshe a daren, domin layin teburin ƙorafi da safe dogo ne kuma gyara kuskure bayan an bar jirgi yana da wuya. Ana barin ɗaki da sassafe, a jira a zaure har a kira launin rukuni, a ɗauki kaya a babban ɗakin tasha, sannan a bi layin tasi, wanda a Barsalona kan yi tsawo idan jirage da yawa suka iso tare. Mai iya jan kayansa da kansa zai iya neman fita a rukunin farko. Jirgin saman komawa kuwa kada ya kasance kafin tsakar rana.